Tabo da zane a pelikil ɗina bayan wanki, ku taimaka

Ɗan Bukoki, Yamai: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina wanke pelikil (fim ɗin kamara) mai baƙi da fari a gida. Pelikil ɗin HP5 Plus ne, rebelater kuma, wato maganin fito da hoto, ID-11. Hotunan suna fitowa, amma kilishe, wato pelikil ɗin da aka wanke, ba ya fita tsaf. Akwai tabo fari-fari na busasshen ruwa, da ƴan ɗigo zagayayyu da haske ke ratsawa, da wani baƙin abu mai siffar jinjirin wata. Na jiya kuma tsakiyarsa ta yi madara-madara. Hotunan sunan ɗan yayata ne, abin ya dame ni ƙwarai. Daga kamara ne ko daga magani?

Baba mai studiyo: Wa alaikumus salam ɗana. Bar kamara tukuna. Wanda ya yi madara fiksater ne, maganin da ke zaunar da hoto, bai gama aikinsa ba, ko ya tsufa. Haɗa sabo ka mayar da kilishen ciki yau, ka sake ɗauraye shi, zai washe. Nan gaba yanki ɗan bakin pelikil ka jefa cikin fiksater ka duba agogo: in ya washe a minti 2, ba pelikil ɗinka minti 4 ko fiye. Sai dai in a wurin nan pelikil ya manne da ɗan uwansa cikin sipiral, abin da ake naɗa shi a kai, hoton wurin ba zai dawo ba.

Jinjirin watan lanƙwasa ce lokacin naɗi. Da wannan zafi namu hannu yana gumi cikin jakar duhu, sipiral ya jiƙe ya ƙi karɓa, mutum ya tura da ƙarfi. Sipiral ya bushe ƙayau, kuma ka yi naɗin da asuba.

Wata ƴar Tawa: Ɗigon zagayayyu kumfar iska ce, ta hana rebelater taɓa wurin. Da ka zuba magani, buga gindin tankin da pelikil ke ciki a tebur sau biyu ko uku, haka ma bayan kowane juyi.

Farin tabon kuwa mun san shi sosai a nan. Karkata kilishen gaban fitila, za ka gan shi zaune a gefen da ke ƙyalli. Gishirin cikin ruwa ne. Ka yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan distile, wato tataccen ruwa marar gishiri, ka sa Photo-Flo, maganin da ke sa ruwa ya zame daga kilishe, kashi 1 cikin 200, kar ka wuce haka don shi ma yana barin tabo. In wurin masu batir za ka sayi ruwan distile, tabbatar ba mai asid ba ne. Wanda ya riga ya bushe, huci a gefen mai ƙyalli ka goga da tsumman tabarau a hankali. Ɗaya gefen kar ka taɓa.

Ɗan Bukoki: Na gode Baba, na gode yaya. To zafin ruwa fa? Ana so digiri 20, ni ko famfona da rana ya haura 30.

Baba mai studiyo: Nan ne babban aikin. Minti 13 na HP5 a ID-11 da aka raba daidai da ruwa, na digiri 20 ne. Da zafi ya ƙaru magani yana sauri, kuma in lokaci ya gaza minti 5 wanki ba ya yin daidai. Sa kwalaben duka cikin roba guda da ƙanƙara, har da ruwan ɗauraya. Kar ka sanyaya rebelater kaɗai sannan ka sakar wa pelikil ruwan famfo mai zafi, fuskarsa tana iya tsattsagewa, wannan ko ba ya gyaruwa. Ɗauraya ba ta son ruwa da yawa: cika tanki ka juya sau 5 ka zubar, sannan sau 10, sannan sau 20.

Wata ƴar Tawa: Kuma hunturu na tafe. Shanya a banɗaki, yayyafa ruwa a ƙasa, rufe taga da ƙofa, kar ka kunna fanka. Ƙurar da ta hau jiƙaƙƙen pelikil ta zauna ke nan.

Ɗan Bukoki: Baba, na mayar da shi cikin sabon fiksater, madarar ta tafi, fuskar jaririn ta fito sarai. Allah ya saka da alheri. Gobe da asuba zan gwada na ƙanƙarar.