Sonata da camera: kiɗan ɗaki, na fada, ko na zaure?

Salamu alaikum masu fassara. Ana neman sunan Hausa na abin da Italiyawa ke kira "sonata da camera", kiɗan gogen Turawa na zamanin Barok, wato wajen shekarun 1600 zuwa 1750. Wani Malam ya kawo shawarar "kiɗan fada", wata Hajiya kuma ta kawo "kiɗan ɗaki". Kafin wani ya yi tambaya: camera ɗin nan ɗaki ne a harshensu, babu ruwansa da kyamarar ɗaukar hoto.

Bari in fara bayyana kiɗan, don sai an san yaro ake raɗa masa suna. Sonata kiɗa ne zalla, babu waƙa. Wanda ya daidaita masa tsari shi ne Arkanjelo Koreli, makaɗin goge da ya zauna a birnin Rum ya rasu a 1713. Ya buga kundi biyu na irin wannan, a 1685 da 1694, kowanne da sonata 12. Na 1694 ya sadaukar da shi ga Kardinal Otoboni, wani babban limamin cocin Katolika, ubangidansa.

Layin kiɗa uku ake rubutawa, amma yawanci mutum huɗu ke zama. Goge biyu suna sama, ɗaya ya ɗauko zance ɗaya ya karɓe, wani lokaci ɗayan ya riƙe sauti ya ƙi saki har kunne ya ji sun ɗan goga da juna, sannan ya sauko su daidaita. Wannan tsamin da ke narkewa shi ne daɗin Koreli, a ganina. A ƙasa kuma babban goge mai kauri yana tafiya ba tsayawa, mai hafsikod, wani abin kiɗa mai kama da piyano, yana bin sa yana cike tsakani da abin da ya ga ya dace. Ana buɗewa da share fage, sai kiɗan raye-raye: alemanda, korente, sarabanda mai nauyin tafiya, jiga mai tsalle-tsalle. Sai dai a zaune ake saurare, ba wanda ke tashi ya taka.

Malam, na ga shawararka ta "kiɗan fada". Allah ya ƙara sani, amma ban gamsu ba. Bahaushe ya ji kiɗan fada, tambari da kakaki da algaita zai hango, da maroƙa suna wasa sarki. Nan kuwa ba a kiran sunan kowa, kuma sautin bai kai ya cika fili ba.

Hajiya ta ce "kiɗan ɗaki", fassara kai tsaye. Ya fi kusa, sai dai ɗaki a wurinmu cikin gida ne, inda baƙo ba ya shiga. Wannan kuwa don baƙi ake yin sa, a babban falon mai hali.

Shi ya sa na karkata ga zaure, wurin da maigida ke karɓar mutane a zauna a yi hira. Kalmar sonata kuma a bar ta yadda take, ba ta yi wa bakinmu nauyi ba, jam'inta sonatoci. Ke nan "sonatar zaure". Takwararta da ake kaɗawa a majami'a, wadda ke bin tsarin sanyi, sauri, sanyi, sauri ba tare da sunayen rawa ba, sai ta zama "sonatar coci".

Wani ya ce a Kano soro suke cewa. Haka ne, yallaɓai, amma zaure ya fi zagaya ƙasar Hausa. Abin da ya rage shi ne sunan wancan layi na ƙasa da ba ya yankewa. An kawo "ginshiƙi", an kawo "shimfiɗa". Ni shimfiɗa na zaɓa, masu goge kuma su yi mana gyara.