Tarin yarona ya haura wata guda, surukata ta ce beli ne

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 2 da rabi yake ta tari tun shigowar hunturu, mai majina, idan ya kwanta har ƙarar ƙirjinsa nake ji. Zazzaɓin ya sauka tuni, yana wasa, yana cin abinci, amma tarin ya ƙi tafiya. Maganin tarin kemis bai yi komai ba. Yanzu Hajiya ta ce a kira wanzami ya cire masa beli. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Don Allah 'yar uwa kada a cire. Beli ba ya tara majina a ƙirji, cirewar kuma kan jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Tari mai majina da ya wuce sati 4 a jikin yaro, sai likita. Sau da yawa bakteriya ce ta zauna a hanyoyin numfashi, likita kan rubuta maganin kashe bakteriya mai suna amoxicillin-clavulanate na sati 2, wani lokaci har 4. A shanye shi duka ko da tarin ya lafa, nan ne iyaye da yawa ke sakaci, sai ciwon ya dawo.

Daren yau idan ya yi barci, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. A shekarunsa, 40 ko fiye alamar nimoniya ce, wato ciwon huhu. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan ruwa, kada ki jira gari ya waye.

Baban Yara:
Akwai babba mai tsohon tari a gidan? Yaron yana ramewa ko gumin dare? Ki faɗa wa likita a duba tarin TB. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, ƙananan yara ma ana iya gwada bayan gidansu tunda ba su iya fitar da kaki.

Inna Ta Gabas:
Ki raba shi da hayaƙin murhu da maganin sauro na kunnawa. Zuma a ruwan ɗumi tana sauƙaƙa tari tunda ya wuce shekara ɗaya. Ki kuma tuna ko ya taɓa ƙwarewa da gyaɗa, takan maƙale a huhu.

Maman Biyu:
Na gode, Allah Ya saka. Ƙanin babansa ya daɗe yana tari kuwa. Gobe in sha Allahu za mu asibiti, tare da Hajiya, ta ji daga bakin likita.