Mai shirin zuwa Masar daga Kano, me ya kamata ya sani?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Muna shirin kai Baba Alƙahira ganin likita, in Allah Ya ba shi sauƙi kuma yana so a zaga da shi Azhar da kabarin Imamu Shafi'i. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa zuwa, Saudiyya kaɗai muka sani. Wane wata ya fi dacewa, me za a riƙe, kuma ina ake yawan shan wahala? Masu sani a taimaka.

Malamin Soro ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Ka fara cire lissafin Makka daga ranka. Masar hamada ce kusan gaba ɗayanta, amma sama da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta a bakin kogin Nilu suke cunkushe, shi ya sa Alƙahira cunkosonta ya wuce na Kwari ranar jajiberin Sallah. Kuma akwai sanyi. A Disamba da Janairu, da rana ma'auni na kaiwa wajen digiri 19, da dare ya sauko kusan 9 ko 10, gidajen haya da yawa kuma ba abin ɗumama ɗaki, ƙasansu tayil ne. Dattijo mara lafiya sai da rigar sanyi mai kauri, safa da hular sanyi. Oktoba da Nuwamba sun fi daɗi. Daga Maris zuwa Mayu akwai iskar da suke kira khamasin, zazzafa mai ƙura, ta kan tashi kwana ɗaya ko biyu ta lafa. Idan Baba na da ciwon ƙirji ko asma a kauce mata. Yuli da Agusta zafi ne kamar na bazarar Kano, ba abin da zai ba ka mamaki.

Takardu: biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja ake nema tun kafin tafiya, a haɗa da wasiƙar asibitin da za a je da rahoton likitan nan. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Sai katin rigakafin shawara, wato yalo kad. Wannan ake rainawa, alhali Masar na tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya, kuma katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10. Wanda ya yi ta ana gobe tafiya tamkar bai yi ba ne. Shi Baba, saboda shekaru da jinya, likitansa ne zai ce ko zai iya ɗaukar allurar, in ba zai iya ba ya rubuta masa takardar uzuri.

Jirgin EgyptAir kan tashi daga filin Malam Aminu Kano kai tsaye, awa huɗu zuwa biyar. Agogonsu na gaban namu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, don haka kada ku sauka daren Alhamis kuna sa ran ganin likita washegari.

Hajiyar Fagge ta amsa:

Malam ya gama da takardu, ni bari in taɓo aljihu da jaka. Magani dai, Alhaji, ku kiyaye. Tramadol da danginsa laifi ne babba a can, ana ɗaure mutum a kansa. Duk abin da Baba ke sha a bar shi a kwalinsa, a haɗa da takardar likita. Garin magani na gargajiya da aka ƙulla a leda ba suna, a bar shi a gida. Saƙon wani kuma in ba ka buɗe ka gani ba, kada ka karɓa.

Kuɗinsu fam ne, su kan ce gine. Ku riƙe dala sababbi marasa yagewa, ku canza a banki ko shagon canji mai lasisi ku karɓi rasit; canjin bayan fage laifi ne a wurinsu, ba kamar Wapa ba. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi a kwastan. Ku kuma tanadi kati mai aiki a waje, domin manyan wuraren tarihi irin dalar Fir'auna (pyramids) da ke Giza sun koma sayar da tikiti da kati. Sai canji ƙanana a aljihu saboda bakshish: mai gadin gida, mai ajiyar takalma a masallaci, mai tura keken mara lafiya, kowa na sa ran ɗan wani abu.

Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, ku sayi adafta biyu tun daga Farm Centre. Ruwan gora za ku sha. Abinci ba tsada, ga ful (dafaffen wake) da kushari ko'ina, sai dai ba yaji, kuma mai ciwon suga ya yi hankali da kushari, shinkafa ce da taliya da wake a kwano ɗaya.

Almajirin Azhar ya amsa:

Abin da ba a faɗa ba shi ne harshe. Larabcin littafi za a gane ka, amma kai ba lalle ka gane amsa ba. Jim ɗinsu "g" ce, masjid ya zama masgid, ƙaf kuma haɗiye ta suke yi. "Bikam?" nawa ne, "ghali" ya yi tsada, "la, shukran" wato a'a, na gode, ita ce maganin nacin masu raƙuma a Giza. Lambar mota da farashi da lambobin Larabci ake rubuta su, wanda ya yi allo ya huta. Ku kira mota ta Uber ko Careem, farashi a rubuce. Tasi in ba a kunna mita ba sai rigima wajen sauka. Jirgin ƙasa na cikin gari ya fi sauri, akwai taragun mata zalla, amma matakalarsa ba ta dattijo ba ce.

Ziyara kuwa a raba ta kwana biyu. Azhar, wanda aka fara salla a cikinsa a 972 Miladiyya, da masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili duk wuri ɗaya suke, titi ne kawai a tsakani, ana tsallakawa ta ƙarƙashin ƙasa. A je da hantsi. A Khan ɗin farashin farko na baƙo ne, a taya da rabi ko ƙasa. Rana ta biyu a yi kudu: masallacin Amru bn Asi a Fusɗaɗ, wanda ya fi kowane masallaci daɗewa a Masar, sai maƙabartar Ƙarafa inda Imamu Shafi'i yake, ya rasu a 204 bayan Hijira. Tunda Baba ɗan Kano ne, ku gaya masa Ibnul Ƙasim da Ashhabu, almajiran Imamu Malik, su ma a Ƙarafa suke. Lunguna ne masu ruɗarwa, a tafi da ɗalibi ɗan gida kuma a fito kafin magariba.

Malamin Soro ya ƙara:

Ni ban ga dalilin kai mara lafiya Giza ba, rana ce da yashi da hawa. In ya matsa, a zaga da shi a mota. Sannan hoto: kada a ɗauki soja, ɗan sanda, gada ko ginin gwamnati. A kuma yi kwafin fasfo da biza kowa ya sa a aljihu. In jinya ta ja har biza ta kusa ƙarewa, a je ofishin fasfo na Abbasiyya a sabunta zama tun da sauran kwanaki, in ba haka ba tara za a biya a filin jirgi ranar dawowa.