Shawarwarin masu shagunan intanet kan bibiyar baƙi da ciniki

A wata tattaunawa tsakanin masu shagunan intanet, tambayar ita ce yadda mai shago a intanet zai san ta ina masu saye suke shigo masa. Kusan kowa ya ce a fara da Google Analytics 4, manhajar Google mai ƙirga baƙin da suka shigo shafi, tunda kyauta ne, kuma tsohon samfurinsa, Universal Analytics, ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yulin 2023. Mai talla a Facebook da Instagram ya ƙara da Meta Pixel, wato lambar da ake sa wa a shafi don a ga abin da masu shigowa ta tallan suka yi.

An fi daɗewa kan maganar kuɗi. Dole a saita shafin ya riƙa aika rahoto duk lokacin da aka kammala saye, haɗe da farashi da lambar oda, don kada a ƙirga ciniki ɗaya sau biyu. Wani ya ja hankali kan Paystack da Flutterwave, kamfanonin karɓar biyan kuɗi ta intanet: idan mai saye ya fita biyan kuɗi ya dawo, Analytics na iya ɗauka su ne suka turo shi, sai tallan da ya jawo cinikin ya tashi a tutar babu. Maganin shi ne a cire adireshinsu daga lissafin masu turo baƙi. A ganina wannan ce shawarar da ta fi amfani.

Sai matsalarmu ta gida: da yawa kan duba kaya a shafi, su ƙarasa ciniki a WhatsApp da tiransifa. Aka ce a riƙa ƙirga masu danna maɓallin WhatsApp, a sa alamar UTM (ƴan kalmomin da ake ƙarawa a ƙarshen mahaɗi don nuna daga inda baƙo ya fito) a kowane mahaɗin talla, a kuma tambayi mai saye inda ya ga kayan. Kafin a saki talla, a yi sayen gwaji a tabbatar ya fito a rahoto.