Abin da aka tattara kan koyon aikin renon yara a makaranta

Jama'a, maganar yadda mai son aikin renon yara za ta koye shi ta yi tsawo, ga abin da na tsinta daga bakin 'yan uwa na Nima da Mamobi da Madina, unguwannin Accra da kewayenta a Ghana.

1. An haɗu a kan cewa son yara kawai bai isa ba. Tun 2008 shekara biyu na ajin KG, wato ajin share fagen firamare, suka shiga cikin karatun firamare na tilas a Ghana, don haka aiki ne mai neman takarda.

2. Mai son aikin gwamnati ta nufi kwalejin horar da malamai. Daga 2018 digiri ne na shekara huɗu, akwai ɓangaren ƙananan yara, sannan sai jarrabawar lasisin koyarwa. Jami'ar Winneba ma tana da wannan sashe.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce yarinya ta fara aiki a gidan reno, tana karatun ƙarshen mako. Wasu sun ce albashin ba ya kai kuɗin mota, karatun sai ya mutu. Ni dai ina tare da na farko, in har iyaye za su tallafa. Wadda ta taɓa lallashin yaro mai kuka da jakarsa a baya, ta wanke masa hannu kafin ya sha koko, ta fi gane abin da malami ke faɗa a aji.

4. A koyi taimakon gaggawa.

5. Hausa jari ce. Yaron zango da ya ji an ce masa "zo nan, ɗana" ya fi saurin sakin jiki.

6. Maza su shigo? Ba a daidaita ba.