Dokar gwaji kafin aure a Kano: tsohuwar takarda za ta yi?

Baffan Amarya

Assalamu alaikum jama'a. Ni ne waliyyin 'yar wana marigayi, an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah a nan Kano. Da na je sanar da limamin unguwarmu, sai ya ce ba zai ɗaura ba sai ya ga takardar gwajin lafiya, domin yanzu doka ce. Yaron a Legas yake aiki, ya turo takardar da ya yi shekara biyu da suka wuce a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, ta nuna rukunin jininsa AA ne, wato ba shi da gadon sikila, ba ya kuma ɗauke da komai. Yarinyarmu AS ce, wato tana ɗauke da gadon sikila amma ba ta da ciwon. Iyayensa sun ce wannan ta wadatar, kada mu tsawwala. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amana ce a hannuna. Me dokar ta ce? Idan aka ɗaura ba takarda, wa za a kama?

Ɗan Gwale

Wa alaikumus salam Baffa. Liman ya yi daidai. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa dokar hannu a watan Mayun 2024. Ta wajabta gwajin rukunin jini na sikila, da ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau, ta kuma hana ɗaura aure sai an gabatar da takarda daga asibitin da gwamnati ta amince da shi. Wanda ya saɓa, tarar da za ta iya kai naira 500,000 ce, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun. Tunda ɗaurin auren ne aka hana, a ganina kai da kake bayarwa da liman da yake ɗaurawa ba za ku ce ba ruwanku ba. Ku sa shi ya sake a asibitin gwamnati a Kano, a huta.

Hajiya ta Ɗakin Gwaji

Baffa, aikina ke nan, bari in ƙara maka. Rukunin jini ba ya canzawa, wanda aka haifa AA zai mutu AA. Amma takarda tana iya yin kuskure. Na sha ganin wanda ya zo da sakamakon AA, aka sake aunawa ya fito AS, wani lokaci daga na'ura ne, wani lokaci an yi wa mutum ƙarin jini bai daɗe ba, jinin wani ya gauraya da nasa. Tunda 'yarku AS ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan shi ma AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Kowane ciki fa, ba wai sai na huɗu ba kamar yadda mutane suke ɗauka.

Shi kuwa gwajin ƙanjamau da na hanta, na shekara biyu ba ya gaya maka komai game da yau. Sannan don Allah a daina ɗaukar cewa duk wanda aka samu da ciwon hanta aurensa ya rushe. Nau'in B yana da rigakafi, allura uku, a yi wa wanda ba ya ɗauke da shi. Mai ƙanjamau da yake shan magani yadda ya kamata har ƙwayar ta daina bayyana a jininsa ba ya sa wa matarsa. Dokar ma da kanta ta hana tsangwamar masu waɗannan larurori.

Maman Sadiq

Ni uwar mai sikila ce, na san kwanan asibiti da kukan yaro cikin dare idan ciwon ƙashi ya tashi, musamman da hunturu. Ina murna da dokar nan har zuciyata. Abin da yake damuna shi ne a bakin ɗaurin aure take tare mutane, lokacin an kai kuɗin gaisuwa, an kawo lefe, an raba katin gayyata. A wannan gaɓar wa zai iya cewa a fasa? Sai a shiga neman takardar bogi don gudun kunya. Tun ranar da aka ce wa yaro ya turo magabatansa ya kamata a aika su asibiti. Ko auren gata da Hisbah take shiryawa, sai an gama gwaji ake saka mutum cikin waɗanda za a aurar.

Baffan Amarya

Allah ya saka muku da alheri. Maman Sadiq, Allah ya ba yaronki lafiya. Na kira mahaifin yaron na karanta masa bayanin Hajiya, ya ce ba shi da ja. Yaron zai shigo Kano ƙarshen wata, za su je asibiti tare da yarinyar da gwaggonta, mun kuma dakatar da kawo lefe sai sakamako ya fito.