Neman shawara kan amfani da retinol a lokacin hunturu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar likitocin fata ko waɗanda suka daɗe suna amfani da retinol. A Zariya nake zaune, kuma na sayi man shafawa na retinol mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari a wani kantin magani a Sabon Gari, saboda baƙin tabon da ƙuraje suka bar mini a kumatu. Da daddare kaɗai nake shafawa, kamar ƙwayar wake, ba kullum ba, da safe kuma in sa man kariya daga rana mai ƙarfin kariya SPF 30.

Tun shigowar hunturu fatar gefen hancina take bushewa tana saɓa, har da raɗaɗi idan na yi alwala, tabon kuma ya ƙara duhu maimakon ya dushe. Na san retinol kan jawo saɓa a makonnin farko domin yana hanzarta sabuntuwar fata, amma duhun ne ya tayar mini da hankali.

Shin in koma mai ƙarfin 0.25, ko in dakata har sanyin ya wuce? Man kaɗanya kuma, kafin retinol ya dace a shafa shi ko bayansa?